Faifan Biram na Malam Maman Barka: Abin da Ya Tsirar da Abin da Ya Bari Bakin Tabki

A shekarar 2009 wani kamfanin faifai na birnin Landan mai suna World Music Network ya fitar da faifan Malam Maman Barka, wanda aka raɗa wa suna "Introducing Mamane Barka", watau gabatar da Maman Barka ga waɗanda ba su san shi ba. Mutum biyu ne suka ɗauki nauyin aikin: shi Barka yana waƙa yana kaɗa biram, abokin tafiyarsa Umaru Adamu kuma yana riƙe da duma da kalangu da ƙwarya. Ranar 21 ga watan Nuwamba na 2018 Allah ya yi wa Barka rasuwa a birnin Yamai. Tun daga wannan rana faifan ya wuce matsayin abin nishaɗi, ya koma babbar shaidar da duniya ke da ita game da wani kiɗa na ƙasar Nijar wanda ya kai bakin halaka. Abin da ya kai wannan matsayi kuwa ya cancanci a auna shi da mudun gaskiya. Yabon gwani ya zama dole, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Don haka ya kamata mai karatu ya san inda faifan ya yi ƙarfi, ya san inda ya gaza, sannan ya san aikin da ya rage a kan ɗiyan ƙasa, domin shi ne ya fi nauyi.

Mawaƙin da kayan kiɗansa

An haifi Maman Barka a Teskar, cikin jahar Damagaram, tsakanin Tubawa makiyayan raƙuma. Ya yi karatun lakwal har ya zama malami, kuma daga nan ne sunan Malam ya bi shi har kabari. Da gurumi mai tsirkiya biyu ya fara yin suna. Waƙoƙinsa, irin su "Ameram", sun shiga gidajen Nijar da na Arewacin Najeriya ta hanyar rediyo da kaset, saboda mutum ne mai harsuna da yawa, mai iya faɗa wa talaka da mai mulki magana cikin raha. Daga baya ya yi aiki a Yamai, a cibiyar koyarwa da bunƙasa kiɗa mai sunan Alhaji Taya, wadda aka fi sani da CFPM, aka kuma kafa ta a 1989. A can ake tattara kayan kiɗan gargajiya na ƙabilun ƙasa, kuma aikin wannan gida ya dace da halin mutumin da bai taɓa rabuwa da ƙauye a zuciyarsa ba, ko da yake ya zauna babban birni.

Shi kuwa biram kayan kiɗan Buduma ne, mutanen tsibiran Tabkin Cadi, waɗanda ke kiran kansu Yedina. Masunta ne kuma makiyayan shanun kuri masu manyan ƙahoni, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa. Biram yana da tsirkiya 5. Jikinsa icce ne da aka fafe, dogo mai siffar kwalekwale, an rufe shi da fata, ga wuya tanƙwararre inda ake ɗaure tsirkiyoyin. A al'adar Buduma abu ne mai alfarma, wanda suke dangantawa da kakanni da iskokin tabki, kuma waƙoƙinsa na magana kan ruwa, da kifi, da shanu, da jaruntakar mutanen da. A shekarar 2002 Barka ya samu tallafin hukumar UNESCO, ya tafi bakin tabki wurin dattijo Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe da ya rage a wannan fanni. Ya durƙusa gabansa kamar almajiri, alhali shi kansa sanannen mawaƙi ne, har dattijon ya yarda da shi, ya miƙa masa biram. A 2008 ya kai shi dandalin bikin WOMAD a Ingila, shekara guda bayan haka faifan ya fito.

Dalilin da ya sa biram ya kusa ƙarewa yana cikin tarihin tabkin kansa. A farkon shekarun 1960 faɗin Tabkin Cadi ya kai kimanin murabba'in kilomita dubu 25. Bayan farin 1973 da na 1984 ya ƙanƙance har ya kasa kai dubu 2, ruwa ya janye nesa da Ngigmi, garin da a da jirage ke tsayawa bakinsa. Ruwan ya riƙa dawowa a wasu shekaru, amma zaman mutane ya riga ya sauya. Iyalai sun watse bin kifi da makiyaya, samari sun kama wasu sana'o'i, kaset da rediyo sun shiga inda a da makaɗi ke zama. Sannan a 2015 aka kai hare-haren Boko Haram a Boso da Difa, hukuma ta kwashe dubban mutane daga tsibirai saboda tsaro. Kiɗan da ke rayuwa cikin taron dangi ba ya jure irin wannan tarwatsewa. Wanda ya san wannan labari zai saurari faifan da kunne dabam.

Inda faifan ya yi ƙarfi

Ƙarfinsa na farko shi ne kamun kai. Ɗakin ɗaukar sauti wuri ne mai ruɗin mawaƙi. Akwai na'urorin da ke gyara murya, akwai fiyanon lantarki da ke kwaikwayon kowace ganga, akwai damar ɗora sauti bisa sauti har sai an rasa gane wanda ya fara. Mawaƙan gargajiya da yawa sun shiga irin wannan ɗaki da kayan iyayensu, suka fito da abin da ba ya da bambanci da kiɗan bikin birni. Barka da abokinsa ba su faɗa wannan rami ba. Sun bar biram ya yi magana da muryarsa mai kauri, wadda ke fita ƙasa-ƙasa, har mai sauraro na iya jin taɓawar yatsa bisa tsirkiya. A nan ne ɗakin ɗaukar sauti ya yi amfanin da fili ba ya yi, domin biram ba ya da amo mai nisa kamar algaita ko kakaki. A taron jama'a, ga iska ga hayaniya, rabin daɗinsa ɓacewa yake yi. Cikin shirun ɗaki kuwa komai ya fito sarari, har ɗalibin da zai zo bayan shekara hamsin zai iya bin sawun kowace tsirkiya.

Wannan jarrabawa ta sami mawaƙan karkara a wasu ƙasashe ma, kuma labarin Amurka zai taimaka a gane ta. A 1927 wani ma'aikacin kamfanin faifai, Ralph Peer, ya kai na'urarsa garin Bristol na jihar Tenesi, ya ɗauki muryoyin mawaƙan ƙauye irin su Jimmie Rodgers da iyalin Carter, da kayan kiɗansu ƴan kaɗan. Daga nan kiɗan karkarar Amurka ya shiga kasuwa. Bayan shekara talatin, a ɗakunan birnin Nashbil, masu shirya faifai suka fara rage gogen ƙauye, suna ƙara taron gogen zamani da ƴan amshi masu taushin murya, don su jawo mutanen birni. Irin wannan salo ne na Jim Reeves, wanda kaset ɗinsa suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma. Kuɗi sun shigo, amma har yau masoya wannan kiɗa na gardama ko an yi masa ado ne ko an sauya masa fuska. Faifan Barka ya fi kusa da aikin 1927, kuma ga kiɗan da ya rage hannun mutum ɗaya wannan zaɓi shi ne daidai.

Ƙarfi na biyu murya ce. Barka ya zo wa biram da gogewar shekarun da ya yi yana waƙa gaban jama'a. Ya san inda ake ɗaga murya da inda ake sassautawa, ya san yadda ake jan kalma har ta hau bisa bugun tsirkiya ta zauna daidai. Muryarsa tana da kaifi irin na mutanen gabas, ba ta da kwalliyar da ta wuce kima, kuma ko wanda bai ji harshen ba yana gane cewa mai waƙar ya san abin da yake faɗa. Da wani mai bincike ne ya koyi biram don ya rubuta littafi, da an samu kiɗa daidai amma babu rai. Da yake mawaƙi ne ya koya, sai aka samu abin da kunne ke marmarin sake ji.

Ƙarfi na uku shi ne haɗuwar mutanen biyu. Umaru Adamu makaɗi ne da ya san gangunan ƙasar Hausa ciki da waje, kuma sun daɗe tare da Barka har kowane ya san numfashin ɗan'uwansa. Tsirkiya 5 ba ta ba makaɗi fili mai faɗi, abin da take bayarwa shi ne zagaye ɗan gajere da ake maimaitawa. Gangunan Umaru su ne ke sa wannan zagaye tafiya, su matsa shi gaba, su ja shi baya, su ba shi kaifin da zai sa ƙafa motsi. Akwai kuma wata ma'ana a nan da ɗan Nijar ba zai rasa gani ba: Batube yana rera waƙar Buduma, kalangun Hausa yana amsa masa. Masana harsuna sun tabbatar cewa Budumanci da Hausa dangi ne, dukansu daga reshen harsunan Cadi suka fito, ko da yake masu magana da su ba sa fahimtar juna. Haɗin kan ƙasa da ake yi wa dogayen jawabai, ga shi mutum biyu sun nuna shi ba tare da sun ambaci sunansa ba.

Inda ya gaza

Sai dai wurin da ƙarfin yake, nan ne rauni na farko ya ɓuya. Duma da kalangu ba kayan tsibiri ba ne. Suna da kaifin amo, biram kuwa mai sanyin murya ne, kuma akwai wuraren da ganga ke shiga gaba har tsirkiya ta koma kamar mai rakiya a bikin da aka shirya dominta. Mai sauraro na Turai yana son abin da zai taka rawa da shi, kuma ba laifi ba ne mawaƙi ya nemi abincinsa inda kasuwa take. Amma faifan da ya zama shaidar tarihi yana da wani haƙƙi a kansa. Baƙon da bai taɓa jin biram ba zai ɗauka haka Buduma ke kaɗa shi tun kaka da kakanni, alhali abin da ya ji sabon haɗi ne da aka ƙulla a Yamai. Haɗin yana da kyau, amma da an ware sashe mai tsawo inda biram da murya za su tsaya su kaɗai, da an ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa.

Rauni na biyu shi ne kamannin waƙoƙin da juna. Wanda ya zauna ya saurari faifan daga farko har ƙarshe, idan bai san harshen ba, zai kai inda zai kasa rarrabe wannan waƙa da waccan. Laifin ba na makaɗi ba ne shi kaɗai, yanayin kiɗan ne ya ci karo da yanayin faifai. A inda aka haife shi, irin wannan kiɗa shimfiɗa ce da ake ɗora magana a kai. Maimaicin tsirkiya yana ba mawaƙi damar jero sunaye da labarai, mutanen da ke zaune sun san waɗanda ake ambata, wani ya yi guɗa, wani ya yi kyauta, wani ya tuna ubansa. Daɗin yana cikin maganar da kuma amsawar jama'a. Faifai kuwa yana yanka kowace waƙa zuwa ƴan mintoci, ya kawar da taron, ya bar shimfiɗar a fili. Hausawa sun san wannan a kiɗansu. Wanda bai ji Hausa ba, in aka sa masa Mamman Shata, zai ce kalangun iri ɗaya ne daga safe har dare, domin bai san cewa dukiyar tana cikin baitocin ba.

Daga nan rauni na uku ya fito, wanda ya fi sauran girma. Faifan an yi shi ne don kunnen waje. Sunansa da Ingilishi yake, bayanin da ke tare da shi cikin harshen Turai yake, kamfaninsa a Landan yake, farashinsa kuma da kuɗin da masunci na Boso ba ya riƙewa. Kalmar gabatarwa da ke cikin sunan ma abin dubawa ce. A Ingila Barka baƙo ne da ake gabatarwa, a Nijar kuwa ya riga ya yi shekaru yana cika dandali. Wanda ya san shi ta wannan faifai kaɗai ya san rabinsa ne, bai san mai gurumin da ke yi wa jama'a nasiha da Hausa su yi dariya su kuma ji kunya ba. Shi kuma ɗan ƙasa da ya san mai gurumi, sau da yawa labarin biram kawai ya ji, bai taɓa riƙe faifan ba. Aka wayi gari mutum ɗaya ya rabu biyu, rabi a gida rabi a waje, kuma rabin da ya fi bukatar kulawar gida shi ne ya tafi waje.

Wannan ciwo ya girmi faifan Barka. Tun shekarun 1960 kamfanin Ocora na Faransa ya fitar da faya-fayan kiɗan gargajiyar Nijar. A 2006 wannan kamfani na Landan ya fitar da faifan farko na ƙungiyar Etran Finatawa, wadda ta haɗa Buzaye da Fulani Wodaɓe. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da tsohon aikin Mamman Sani, wanda ya daɗe kwance a Yamai ana jin sa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin ba a san darajarsa ba. Babu dalilin zargin waɗannan baƙi. Sun ga abu mai kyau sun ɗauka, kuma da babu su da wasu muryoyi sun tafi ba a bar ko alama ba. Abin tambaya yana wuyan masu gida: me ya sa sai baƙo ya buga tambarinsa kafin a yarda cewa kayan gida na da tsada?

Rauni na huɗu shi ne rashin muryar malamin. Tsakanin zuwan Barka bakin tabki da fitowar faifan shekara 7 ce. Shekara 7 ta isa haziƙi ya ƙware, kuma Barka haziƙi ne, amma bai tashi cikin tsibiri ba, Budumanci kuma ba harshen da ya sha a nono ba ne. Abin da Bukar Tar ya tara tun yarinta ba zai shiga faifai guda ba, ba zai kuma shiga kan almajiri guda ba, komai basirarsa. Da an sa ko waƙa ɗaya ta bakin dattijon kusa da ta almajirinsa, da mai nazari ya samu ma'aunin da zai gane abin da aka gada da abin da aka ƙara. Faɗin haka bai rage wa Barka komai ba. Mutumin da ya bar sunan da ya riga ya yi, ya tafi ya zauna ƙasa gaban tsoho don kada wani abu na ƙasarsa ya mutu, ya yi abin da hukumomi masu kasafin kuɗi ba su yi ba.

Wani zai ce da babu gara ba daɗi, kuma gaskiyarsa. Da faifan bai fito ba, da yau ana maganar biram kamar yadda ake maganar abin da aka gani a mafarki. Wani kuma zai ce mawaƙi ba ma'aikacin gidan tarihi ba ne, yana da ikon ya haɗa abin da ya ga dama da abin da ya ga dama, kuma al'adar da ba ta karɓar sabon abu ta riga ta mutu. Wannan ma gaskiya ne. Haɗarin yana wurin waɗanda za su ga faifan su ce aiki ya ƙare. Faifai yana adana sauti, amma ba ya zaɓar iccen da za a fafe, ba ya nuna yadda ake jan fata ko ɗaure tsirkiya, ba ya gyara wa yaro yatsa in ya kuskure, ba ya kuma bayyana wane ne aka ambata cikin waƙa da dalilin ambatonsa. Waɗannan duka sai daga baki zuwa kunne, daga hannu zuwa hannu. Barka da kansa ya gane haka. Bayan fitowar faifan, shi da Umaru Adamu da mutum biyu na Etran Finatawa, Alhusaini Muhammad Anibola da Bammo Agonla, sun zagaya makarantun ƙasa suna nuna wa yara kayan kiɗan iyayensu. Tsohon malamin lakwal ya san cewa magaji a aji ake samunsa.

Aikin da ya rage

Akwai misali kusa da gida. Imzad, gogen matan Buzaye mai tsirkiya ɗaya, shi ma ya kai lokacin da masu kaɗa shi suka rage ƴan tsofaffi. Abin da ya tashe shi shi ne makarantun da aka buɗe, musamman a Tamanraset ta ƙasar Aljeriya, inda tsofaffin suka zauna suna koya wa ƴan mata. A 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin gadon ɗan Adam da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. A 2014 aka sa wasan barkwanci na dangantaka na Nijar cikin wannan jeri. Ƙasar da ta iya shirya waɗannan takardu ta san hanya, kuma biram, wanda tabkinsa ya haɗa Nijar da Cadi da Najeriya da Kamaru, ya cancanci a bi masa ita tare da maƙwabta. Hukumar Tabkin Cadi, da ƙasashen huɗu suka kafa tun 1964, tana maganar ruwa da kifi da tsaro. Waƙar mutanen da ke zaune bisa ruwan ma tana cikin dukiyar tabki.

Kafin a kai can, akwai abubuwan da ba su bukatar kuɗi mai yawa. Ya kamata ma'aikatar al'adu, tare da ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, su nemi yarjejeniya da kamfanin da ya fitar da faifan, don a samu bugun gida mai sauƙin kuɗi, kuma iyalin marigayin da abokin aikinsa su samu rabonsu. Ya kamata a zauna da dattawan Buduma a rubuta baitocin da harshensu, a fassara su zuwa Hausa da Barbarci da Faransanci, a bayyana sunaye da wuraren da ke ciki. Yamai ba ta rasa masu wannan aiki ba: ga cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni, ga cibiyar CELHTO da aka kafa don tattara tarihin baka, ga kuma jami'ar Difa da aka kafa a 2014 kusa da masu abin. Ya kamata Muryar Sahel da rediyoyin karkara na jahar Difa su riƙa sa waƙoƙin tare da bayani, domin yau wayar salula ta kai inda faifai bai taɓa zuwa ba, kuma yaron da ke sansanin ƴan gudun hijira zai iya jin kiɗan kakansa a tafin hannunsa.

Fiye da duka, a nemi yara. A ɗauki samarin Buduma ko biyar ne, a ba su tallafi irin wanda Barka ya samu a 2002, a haɗa su da duk wanda ya taɓa zama gaban Barka ko gaban Bukar Tar, da duk tsohon da ke tuna wani baiti ko ya san sassaƙar jikin biram. Cibiyar CFPM ita ce gidan da ya dace da wannan aiki, tun da a nan marigayin ya yi hidima. Gasar kiɗa irin ta Ɗan Gurmu, wadda aka fara a 1987, ta nuna cewa kyauta da yabo a bainar jama'a suna jawo samari. A ware lada ga kayan kiɗan da ke fuskantar ƙarewa, za a ga masu nema. Kowace shekara da aka jinkirta, wani tsoho yana tafiya da abin da ke kansa.

Akwai kuma wata magana da ta shafi masu karanta wannan shafi musamman. Dokar 2001 ta lissafa Budumanci cikin harsunan ƙasa guda 10. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa. Girma ne, amma babba juji ne, kuma wanda aka ba gaba shi ake tambaya in na baya ya ɓace. Hausa tana da masu magana miliyoyi, tana da rediyoyi da littattafai da fina-finai, ba ta tsoron komai. Budumanci kuwa na mutane kaɗan ne da fari da yaƙi suka tarwatsa. Idan Hausa ta zama gadar da waƙar Buduma za ta bi ta isa Maraɗi da Tawa da Yamai, ta cika haƙƙin zumunci. Kalangun Umaru Adamu ya riga ya nuna yadda ake rakiya, ya kuma nuna, a wuraren da ya yi ƙarfi da yawa, yadda mai rakiya ke iya rufe muryar wanda ya rako ba da nufi ba.

Hukuncin faifan dai shi ne: aiki ne mai kyau, mai gaskiya, wanda ya fi yawancin abin da ke fitowa daga ɗakunan ɗaukar sauti tsabta, kuma duk gidan da ke ƙaunar kiɗan ƙasa ya kamata ya mallake shi. Gazawarsa ta ganga da ta kamannin waƙoƙi ƙanana ce in an gwada da alherinsa. Babbar gazawar, watau nisansa da mutanen da suka haifi kiɗan, ba Barka ne zai gyara ta ba, domin shi ya sauke nasa nauyi ya tafi. Saura hukumomi da malamai da masu hannu da shuni su ɗauki nasu tun dattawan tabki na da rai.

Allah shi jiƙan Malam Maman Barka da malaminsa Bukar Tar, shi sa sun huta. Allah shi maido da kwanciyar hankali a jahar Difa, mutanen tsibirai su koma gidajensu lafiya.